Bokitai Biyu da Mita Ashirin

Zuwa ga Vendula, sanyin idona, furen da ke fara buɗewa a lambunmu tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, shamuwar da ba ta sauka sai inda doka ta yarda, mai usur ɗin da ke tsayar da 'yan wasan lakuros ashirin, masu ƙwallo da sanda mai raga, cak kamar an dasa su, wanda ya tsayar da zuciyata shekara goma sha ɗaya ke nan bai ba ta izinin wucewa ba.

Yau kwana tara da kika tattara jakarki kika tafi Tabor wurin yayarki Drahomira, gidan nan na Radotin ya zama kango. Babu mai karanta min littafin dokokin wasa a kan karin kumallo. Babu mai tsayawa gaban madubi tana ɗaga hannu, tana hukunta 'yan wasan da babu su. Maƙwabta sun daina leƙowa da safe, don babu matar da ke gudu da baya a bakin kogin Berounka tana nuna wa agwagi kati. Jiya na shiga kicin da takalmi mai laka, na tsaya ina jiran a busa min usur, ba a busa ba. Na yi kewarki har na cire takalmin da kaina.

Drahomira ta kira ni. Ta ce tun da kika faɗi gwajin gudun nan na alƙalan wasa na ƙasa da ƙasa kin rubuta takardar ajiye aiki, ranar Juma'a za ki aika wa kwamiti. Wai kin tsufa. Wai ƙafafunki sun ci amanarki. Sannan ta ce, "Lubor, ƙanwata ta jefa usur ɗinta cikin kwalbar sukari, ta ce ita da fili sun yi hannun riga. Kai me ka yi mata?" Na ce layin ba ya da kyau, na kashe wayar.

Tsufa, Vendula? Ke da shekara arba'in da shida, kike hawa benen tashar jirgi bibbiyu kina barina a ƙasa ina haki da jakunkuna? Ke da kika yi shekara uku ba ki ɗanɗani man shanu ba, kike cin hatsin da ko dokin kirki sai ya yi tunani kafin ya sa baki? Ajiye wannan kukan, bai yi miki kyau ba. Ƙafafunki ba su ci amanarki ba. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin shi ne ke rubuta miki wannan takarda.

Kin tuna ranar da muka haɗu? An ɗauko ni, mai awon filaye, in zana layukan sabon filin wasa. Kika iso da rigarki mai zane baƙi da fari, kika zaro tef ɗinki daga aljihu, wanda kike auna sandunan 'yan wasa da shi kafin a fara, kika durƙusa a gaban jama'a kika bi da'irar da na zana a bakin raga. Ke da ba ki yarda da kowa ba! Ke da kike sa 'yan mata su cire 'yan kunne, su buɗe baki ki ga robar haƙori, ki danna ƙwallo cikin ragar sandar kowacce ki ga ko ta zurfafa ta a ɓoye. Kika auna sau biyu, kika ɗago kina kallona kamar na ɓata miki rai, kika ce, "Daidai ne." Kalma biyu, ya hasken ranata, kuma har yau babu wanda ya taɓa faɗa min magana mai daɗinsu. Tun daga ranar ba ki sake bin bayan awona ba. A duk faɗin Turai ni kaɗai kika ɗauke wa bincike.

To, ga abin da amintaccen naki ya yi.

Kin san bokitai biyun nan jajaye da na ajiye miki a kan hanyar lambu, mita ashirin tsakaninsu, inda kike je-ki-dawo na'ura tana ƙara, tana ƙara sauri, har sai kin kasa cim mata. A watan Nuwamba, bayan gwiwarki ta warke, kika gwada karo na farko, kika tsaya a mataki na bakwai alhali tara ake nema. Kika kife bokiti ɗaya kika zauna a kai, kika yi kuka. Na ga iyayen 'yan wasa sun zage ki, na ga ƙwallo ta fasa miki gira, ban taɓa ganin hawayenki ba sai ranar. Washegari kafin ki fito na tura bokitin da ƙafa, na matsar da shi wajen ɗan'uwansa. Taki ɗaya kawai, na ce wa kaina, don ki samu ƙwarin gwiwa.

Kika kai bakwai da rabi, kika rungume ni da gumi da komai. Wane namiji ne zai ɗanɗani wannan ya tsaya a taki ɗaya? Kowace Litinin sai in ƙara turawa kaɗan. Tsoho Kubesh, maƙwabcinmu, ya leƙo ta kan shinge wata rana ya ce, "Kai mai awo, lambun naka ne ke tsukewa kamar rigar ulun da ta shiga ruwa, ko idona ne ya lalace?" Na rufe masa baki da kwalbar zuma.

Kafin Maris kina kai mataki na goma sha ɗaya. Kika fara tafiya kina ɗaga hanci, kika ce yaran alƙalan nan 'yan shekara ashirin da biyar su zo su koyi gudu. Kika dawo teburin cin abinci, kika ci kinedliki, dafaffen curin fulawar nan, har huɗu da miyar kirim ranar Lahadi, kika nemi ƙari. A nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya. Ba tausayi kaɗai ba ne. Na ji daɗin samun matata a gefena tana cin abinci tana dariya, maimakon bayanta da nake hangowa tana gudu. Na so ki, amma na so kaina tare.

Ranar gwaji a Brno, su kuma mutanen banza, mita ashirin ɗinsu mita ashirin ce. Ina zaune a benci na ga fuskarki tun a zuwa na uku, kina neman layin inda ƙafarki ta saba samunsa, shi kuwa yana can gaba. Garin neman gira na jawo miki rasa ido. A mota kika ce jikinki ne ya ƙare, ni kuma na riƙe sitiyari na yi shiru tun daga Brno har gida. Wannan shirun ya fi tura bokitin muni, na sani.

Jiya na ɗauko tef na auna. Mita goma sha takwas da santimita arba'in. A kan wannan kika yi watanni huɗu kina yi wa duniya alfahari.

Amma tsaya, kada ki yaga takardar tukuna, ki yi lissafi irin naki na marasa tausayi. Kin yi atisaye a filin ƙarya, kin ci kinedliki, kin je da girman kai, duk da haka zuwa biyu kacal ya rage miki ki kai tara. Zuwa biyu, Vendula! Wannan ce tsohuwar da za ta ajiye aiki? Kwamiti ya ba da damar sake gwaji nan da mako biyar, kuma sunanki bai fita daga jerin masu zuwa gasar Turai ba sai in ke kika cire shi da hannunki ranar Juma'a. Shekara goma sha tara kina tsayawa cikin ruwan sama a wasannin yara don ki kai nan. Za ki zubar da su saboda laifin da ba naki ba? Yaushe kika fara ba wa wadda aka yi wa ƙeta kati, ki bar mai ƙetar yana yawo a fili?

Ki dawo, ya ruwan sanyin bazarata. Ki dawo da fushinki duka, na fi son sa a kan shirun nan. Na haƙa rami na dasa bokitan da siminti a kan mita ashirin cif, Kubesh ya tsaya shaida yana min dariya. Na kwashe man shanu na kai masa. Zan riƙe na'urar, zan yi shiru in kin yi kuka, kuma ko kin faɗi ƙasa a gabana ba zan taɓa bokiti ba. Amma kada ki yarda da maganata. Ki zo da naki tef ɗin, ki durƙusa ki auna sau biyu kamar ranar farko. Na san ba zan sake jin kalmomin nan biyu da irin muryar da kika faɗe su ba, kuma ni na jawo.

In kuwa kin ga dole sai kin jefar da ɗaya, ni ko usur ɗin, to ki ciro shi daga kwalbar sukarin, ki wanke shi. Shi bai taɓa yi miki ƙarya ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona, a cikin fili ko a bayan shinge, duk inda kika nuna min da yatsa,

Lubor