Kwamfutar Zaurena Ta Gama Hawa Acaɓa

Zuwa ga Mai Girma Honorabul, Kansilan mazaɓarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da Hajiya mahaifiyarka da na ji an ce ƙafa ta sake matsa mata, Allah Ya ba ta lafiya Ya sa kaffara ne. Ya aiki, ya jama'a, ya haƙuri da mu? Allah Ya taya ka riƙo.

Ni ce Malama Rabi, mai makarantar matan aure a gidan marigayi Malam Isiyaku, wadda kake kira Gwaggo tun kafin a fara kiran ka Honorabul. Ka san ni ba mai ɗaga murya ba ce. Na aika maka ta bakin mutane, na taka da ƙafata zuwa ofishinka aka ce kana taro, na koma aka ce ka yi tafiya. Da a ɗaki aka yi maganata, da a ɗaki zan amsa. To a lasifika aka yi ta, gaban jama'a, shi ya sa ni ma na rubuta inda kowa zai gani.

Domin waɗanda ba su san mafarin zancen ba: bayan soja sun koma bariki an yi zaɓe, ka ci, sai ka kawo mamu kwamfuta guda ta kan tebur, da akwatinta da gilashinta mai kama da talabijin, ka ce matan unguwa su koyi buga takarda. A zaurena ka aje ta, saboda nan ne mazaje suka yarda matansu su zo. Ka samo mamu Malama Zulai da ta yi karatun abin, tana zuwa bayan La'asar tana koya mamu. Ni karatun allo na yi, bokona na yaƙi da jahilci ne, don haka da ni da ɗalibaina layi ɗaya muka shiga. Ranar da ka kawo ta ka ce mani, "Gwaggo, amana ce na ba ki." Da wannan sunan na karɓa, kuma a kan wannan sunan nake magana yau.

Na ɗaya, ciwon kwamfutar.

Da farko lafiya lau take. Bayan 'yan watanni sai gilashin ya fara ɗaukewa. Mace tana cikin bugawa sai ya yi baƙi ƙirin, 'yar fitilar da ke ƙasansa ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, alhali akwatin yana nan yana kukansa. A ɗan jira, wani lokaci a taɓa tebur kawai, sai hoto ya dawo, abin da aka buga yana nan ko harafi bai ɓace ba. Wata rana ya wuni bai yi ba, wata rana ko layi guda ba za a kai ƙarshensa ba.

Ba mu zauna ba. Mun zaci ƙarancin wuta ne, muka aro janareton maƙwabcinmu tela, ya ɗauke a kansa kamar yadda yake ɗaukewa a kan wutar gari. Mun zaci zafi ne, na ciro fankar ɗakina na kafa mata, ni na koma fifita da mafici. Mun zaci ƙura ce, Zulai ta goge ko'ina da busasshen ƙyalle, na ɗinka mata mayafi. Duk bai hana ba. Daga nan na sa aka kira Malam Sanusi mai gyara daga bakin kasuwa. Ya zo da nasa gilashin ya jona a akwatinmu, shi ma ya ɗauke. Ya tafi da namu shagonsa ya jona a wani akwati, ya wuni tas. Ya ce to ba gilashi ba ne, a duba tsakani. Da ya juya bayan akwatin ya zare wayar da ke haɗa su, mai shuɗin kai, sai ya kira ni ya nuna mani. 'Yan allurorin da ke cikin kan wayar wasu sun lanƙwashe, ɗaya ta karye, sukurorin da ke ɗaure ta babu ko ɗaya. Ramin da ake soka ta a jikin akwatin kuwa yana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya ara mamu wata wayar, abin ya ragu amma bai daina ba, domin ramin ne ya saki daga ciki.

Ya ce aikin ba mai yawa ba ne, sai dai dole a buɗe akwatin. A bayan akwatin kuma akwai takarda manne da hatimin ofishinka, an rubuta kada a buɗe sai da izini. Malam Sanusi ya ce, "Malama, wa zai sani? In ɓare ta a hankali in mayar." Na ce mashi ni zan sani. Izinin nan shi ne abin da ya kai ni ofishinka, kuma har yau ban same shi ba.

Ka san yadda muke karatu yanzu? Mace ɗaya tana bugawa, ɗaya tana tsugune bayan tebur ta tallafe wayar da hannu, ta ɗan karkata ta sama, domin a haka ne kawai hoto ke tsayawa. In hannunta ya gaji a canza. Hassu, wata ɗalibata da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, wadda take fatan ta iya abin ta samu aiki a shagon buga takardu, ta ce in an tashi raba satifiket ita a rubuta mata na riƙon waya, shi ta fi ƙwarewa. Mun yi dariya, amma ni abin bai ba ni dariya ba har cikin raina.

Na biyu, abin da ya jawo ciwon.

Malam Sanusi ya tambaye ni ko yara ne ke wasa da wayar. Na ce babu yaron da ke taɓa ta. Ya ce to wani yana yawan cire ta da ƙarfi ba tare da ya kwance sukurori ba. Nan take na san ko su wa ne.

Ranka ya daɗe, sakatarenka Bala ne da mutanensa. Tun ba a daɗe da kawo ta ba ya fara zuwa da 'yan acaɓa biyu, ya ce Honorabul ya ce a ba da kwamfuta za a nuna wa baƙi. Ba sa jiran Zulai. Su fizge wayoyi, ɗaya ya rungume gilashin a kan tanki, ɗaya ya ɗaure akwatin da roba a baya, su bi ramukan lungunmu da ita. Da yamma ko washegari su dawo da ita su jibge, mu mu harhaɗa. Na sha ce wa Bala ya bi a hankali, sai ya ce, "Gwaggo, ƙarfe ne, ba ƙwai ba." Tunda ya ce kai ka aiko, ban hana ba. Abin da ya riƙa ɗaure mani kai shi ne, kullum ta dawo sai in ga sabon sawun gam a goshin gilashin, da guntun takarda da ba a gama ɓarewa ba, wani lokaci har da ɗan jan ƙyalle a maƙale.

Amsar ta zo mani har gida. Wata 'yar ƙanwar mijina da ke aure a wani ƙauye ta hanyar Batagarawa ta zo gaishe ni. Tana shiga zaure ta tsaya ta ƙura wa kwamfutar ido, ta ce, "Inna, wannan ba tamu ba ce?" Na ce taku ta ina? Ta ce ai ita ce aka kafa wa rumfa a garinsu, aka yanka ƙyalle, maroƙa suka yi kirari, aka ce ta matan garin ce, da taro ya watse aka ce za a kai ta birni a saka mata wasu abubuwa a dawo da ita. Ta gane ta da tsagewar da ke gefen akwatin. Ta ce har yau matan garinsu suna sharar ɗakin da aka ware mata.

Da na bincika sai na ji ba garinsu kaɗai ba ne. Kwamfuta guda ce ake liƙa wa sunan wannan gari yau, gobe a ɓare a liƙa na wancan. Ni ban san siyasa ba, kuma ba zan koya maka ita ba. Amma na san ɗakin da aka share ana jiran abin da ba zai zo ba, kuma na san daga zaurena abin yake fita.

Na ukku, kuma shi ne ya sa na ɗauki wannan mataki.

A taron da kuka yi na baya, an ce da babban baƙo ya miƙa hannu zai danna, gilashin ya ɗauke. Aka jijjiga, aka bubbuga, ya ƙi. Sai Bala ya karɓi lasifika ya ce jama'a su yi haƙuri, wata tsohuwar malamar allo ce aka ba ajiya a birni take wanke rubutu tana shayar da kwamfutar don ta yi ƙwaƙwalwa. Aka fashe da dariya, baƙo ma ya yi, taro ya tashi lafiya. An ce kana zaune a wurin. Ban ji an ce ka yi dariya ba, ban kuma ji an ce ka tsawata ba.

Maganar ta riga ku isowa gari. 'Yan acaɓan bakin Ƙofar Kaura suna ba juna labari. Na je gaisuwar rasuwa a Gobarau, wata ta tambaye ni a hankali wai wace sura nake rubuta mata. Mazaje biyu sun hana matansu zuwa, ɗaya ya ce ba zai bar iyalinsa wurin da ake wasa da ayar Allah ba. Wannan ya fi komai yi mani ciwo. Na tsufa ina koya wa mata su girmama abin da aka rubuta a allo, ko ruwan wankinsa ba a zubarwa inda ƙafa ke takawa, yau ni ake cewa na ɗura shi cikin na'ura. Ban taɓa kusantar ta da ruwa ba, ko na sha. Bisimilla nake yi in zan kunna ta, kamar yadda nake yi in zan kunna risho. In wannan ne laifin, ba zan daina ba.

Shekaranjiya kuma Bala ya sake zuwa, ko kunya babu, ya ce ranar Asabar akwai wani taron, in shirya kwamfuta, kuma daga can ba za ta dawo ba, za a kai ta hannun waɗanda suka san darajarta.

To, ranka ya daɗe, ga matsayina, kuma na faɗe shi ne bayan na yi istihara. Ba za ta je ba. Jiya da hantsi ni da ɗalibaina muka ɗauke ta daga zaure, a hankali, Zulai ta kwance kowace waya da hannunta, muka shigar da ita cikin gida, ɗakina, kusa da gadona. Can za mu ci gaba da karatu. Ka san gidan Malam Isiyaku, ka san iyakar inda namiji baƙo yake tsayawa. Bala ya girma a garin nan, shi ma ya sani. In yana ganin zai ɗaga labulen zaure ya ratsa tsakar gida cike da matan mutane da 'yan acaɓansa, to ya zo ya gwada, unguwa tana kallo.

Kada a ce na ƙwace. Ban ɓoye ta ba, ga shi na faɗa wa duniya inda take. Ba tawa ba ce, ba kuma ta Bala ba ce, kai da bakinka ka ce ta matan unguwa ce. Duk macen da ka aiko, uwargidanka ko Hajiya in ƙafa ta bar ta, ƙofa a buɗe take, ta zo ta duba, ta ga takardar hatiminka tana nan yadda ka manna ta.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka ba da izini a rubuce Malam Sanusi ya buɗe akwatin ya gyara ramin. Ranar da zai yi aikin mu da kanmu za mu fito mashi da ita zaure, mu tsaya a kai, mu mayar. Sannan Bala ya janye maganarsa a inda ya yi ta, da lasifikar da ya yi ta. Ba na neman ya durƙusa mani, na yafe mashi abin da ke tsakanina da shi, amma matan da aka hana zuwa ba za su dawo ba sai mazansu sun ji gaskiya daga bakin da suka ji ƙarya. Sai kuma matan ƙauyukan nan. In akwai tasu a kai masu, in babu a faɗa masu su daina shara.

In kuwa ka ga amanar ce ba ka son ta ci gaba da zama a hannuna, to ka zo da kanka, ba aike ba. Ka tsaya a zauren da ka tsaya ranar da ka kawo ta, in tara maka matan da suka yi maka guɗa a ranar, ka dube su ka ce ka fasa. In ka iya faɗa, ni zan ɗauko maka ita da hannuna.

Allah Ya yi maka jagora, Ya haɗa ka da mashawarta na ƙwarai, Ya raba ka da masu gyara taro da mutuncin wani. Allah Ya sa ka gama lafiya, Ya ba Hajiya sauƙi. Wannan takarda a kan ita kwamfutar na buga ta, da yatsa ɗaya, Hassu tana tsugune a baya riƙe da waya tun daga sallama har zuwa nan. Ta ce in gaishe ka, in kuma gaya maka hannunta ya gaji.

Wassalam.

Gwaggonka,
Malama Rabi,
Birnin Katsina.