Ɗaure zanenki kafin ki tayar da moto

Urafane, ranar Laraba.

Zuwa ga ɗiyata Rahina, a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da ɗaliban lakwal ɗinku. Mu ma nan lafiya lau, an gama yankan hatsi, wake ya yi kyau. Gidan ne kawai ya yi mini faɗi. Tun rasuwar maigidana Manzo, ga ɗana Sharifu ya koma Agadas, sai in dafa tuwon mutum biyu da mantuwa, in rasa wanda zan miƙa wa.

Babanki ya biyo ta nan ran kasuwa, ya ce kin sayi ƙaramin moto, wato babur, irin na mata, kina koyo. Na yi murna, amma gabana ya faɗi. Shekara goma sha huɗu na yi ina hawan moto zuwa ƙauyuka karɓar haihuwa, don haka ki saurare ni.

Kada ki fara koyo a kan gudaro, wato kwalta. Ki nemi fili babu jama'a, ki koyi tsayawa kafin ki koyi gudu. Hannun wuta a hankali ake murza shi, kamar mai tatsar akuya. In kin shiga rairayi, kada ki damƙe birkin gaba, nan take zai kayar da ke. Kaski kuwa, hular kwanon nan, ki sa shi ko gishiri za ki saya a bakin titi, ki ɗaure igiyarsa. Na san zai ɓata miki ɗaurin kallabi. Ya ɓata.

Zanenki da mayafinki su na fi jiye miki. Watana biyu da fara hawa, a hanyar Tasawa, bakin mayafina ya shiga tayar baya. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba. Wani mai amalanke ne ya yanke shi da wuƙa daga wuyana. Da aka kawo ni gida, Manzo bai yi faɗa ba. Ya zauna yana shafa mini magani, ya ce shi ya koya mini komai amma ya manta da wannan, don bai taɓa yafa mayafi ba. Daga ranar, kullum zan fita sai ya zagaya bayana ya duba. Ke ba ki da mai zagayawa a can, sai ki duba da kanki.

Kamiyo mai ɗaukar kaya in ya taho, ki ba shi hanya ko ke ce da gaskiya. Jaki da akuya ba su san oda ba.

Babanki ya kuma ce kin yi niyyar zuwa gani na a kan moton in an yi hutu. Allah ya sani babu abin da nake so kamar in ji sallamarki a ƙofar nan. Amma kada ki zo a kansa bana. Hanyar ta yi nisa ga sabon hannu. Ki shigo mota, in ba hali ki bari sai baɗi. Sannu ba ta hana zuwa. Na iya jira, na saba.

Ki gaida mini Basira da maigidanta, da A'i mai ɗakin kusa da naki. Lalla maƙwabciyata tana gaishe ki.

Allah ya tsare hawanki da saukarki.

Goggonki,
Altine