Ƙyalle Mai Fuska Biyu

Litinin, 3 ga Maris
Sun raba gadar. Masu koren ƙyalle a ɓangarenmu, masu fari a ƙetare, kowa na rantsuwa don Allah yake yi. Duk mai wucewa sai ya ɗaura irin nasu a damtse. Maigidan ya ce motar burodi ba ruwanta da faɗan addini, shi fita zai yi. Taurin kai kamar mutanen farko!

Laraba, 5 ga Maris
Na hau keke na ɗinka masa ƙyalle mai fuska biyu, kore a waje, fari a ciki. In ya kai tsakiyar gada sai ya juya. Ya yi ta dariya, wai na mai da shi hawainiya. Sauran zaren duk ya ƙare, da rawaya na yi. Wa zai tsaya duba zare?

Asabar, 8 ga Maris
Mutumin nan bakinsa ba ya riƙe magana. Malamin makarantar da ke gidan gaba ya zo, sai mai kemis, sai ungozoma. Goma sha ɗaya na ɗinka, duka da rawayan nan. Har kaina ya soma kumbura, Allah Ya yafe mini.

Talata, 11 ga Maris
Sun gane. Yanzu juya ƙyallen suke yi a shinge. An kawo malamin a bayan mota, lulluɓe da tabarma. Matarsa hannuwana kawai take kallo. Tsoro nake ji, da kunya. Maigidan bai dawo ba.

Laraba, 12 ga Maris
Bai dawo ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Masu kore su biyu, har cikin shago. Babban ya ajiye ƙyallen maigidan a kan keken, ya ja zaren da farce. "Inna, an ce duk unguwar nan ke kaɗai ke da wannan zaren." Harsashi nake jira, sai ya sauke bandir na koren yadi. Guda ɗari biyu, fuska ɗaya, kafin Lahadi, in ina son mijina da rai. Har da cewa ɗinkina ba ya warwarewa.

Lahadi, 16 ga Maris
Sun sako shi da hantsi. Haƙora biyu babu, magana babu, amma ga shi nan kwance a ɗakina yana numfashi. Na gode wa Allah.

Ungozoma ta wuce ba ta gaishe ni ba. Ta yi ta wucewa, ai ba nata mijin aka riƙe ba.

Sun kawo wani bandir ɗin. Wannan karon ba su ambaci maigidan ba, ni ma ban tambayi abin da zai faru in na ƙi ba. Ɗazu na tsinci kaina ina farke guda ɗaya, don bakinsa ya ɗan karkace. Na sake ɗinka shi. Ya miƙe sarai.