Farin Hankici a Areal

Areal, Mayu 2002

Zuwa ga ƙanena Custódio,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Lurdes da yara, da fatan kuma sanyin Luxembourg ya sassauta muku. Maiɗakina, yayarka Graciete, tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hannunka ne ya karye da ka daina rubuto mata.

Na san labari ya riga ni isowa: mun ci wasan ƙarshe, kulob bai faɗa rukunin ƙasa ba. Karo na huɗu ke nan ana korar koci a tsakiyar kaka, a miƙo mini yaran a ce, "Infali, kashe mana wutar nan." Jaridar gari ma ta daina kiran sunana, ɗan kwana-kwana take ce mini. Bayan wasa an ɗauke ni a kafaɗa har bakin teku, an gasa kifi, tsofaffi suna ta sumbatar goshina. Da gari ya waye shugaban kulob, Senhor Abílio, ya kira ni ofis ya ce sun samo sabon koci daga Porto, ni kuma in koma mataimaki. Wai za a yi mini liyafa, a rataye tsohuwar rigata ta wasa a zauren kulob.

Custódio, kai shaida ne. Ban kai shekara ashirin ba na baro garinmu Bafatá na zo garin nan. Shekara da shekaru kana gola ina tare maka baya. Na yi wa ƙasata kyaftin, na buga a Dakar da Bamako da Conakry, na dawo nan da zazzaɓi a jikina na shiga fili ranar Lahadi. Da gwiwa ta ƙi, na je Lisbon na yi karatun horarwa, takardata iri ɗaya ce da ta mutumin Porto. Ban taɓa roƙon komai ba. Wannan karon na buɗe baki na ce kujerar nake so, tun daga farkon kaka, da 'yan wasan da ni na zaɓa. Abílio ya yi ta kallon taga, sannan ya ce zai yi shawara.

Tare kuka tashi da shi, yana jin maganarka. Don Allah ka buga masa waya. Ka san yadda roƙo yake yi mini nauyi.

Ka huta lafiya.
Naka, Infali

Luxembourg, Yuni 2002

Mijin Yaya, sarkin masu karya ƙafar mutane,

Muna lafiya, sai bayana da shimfiɗa tayil ya gama da shi. Ka gaya wa Yaya hannuna ƙalau yake, faɗanta nake gudu.

Ba zan ɓoye maka ba. Ba sai na buga wa Abílio ba, shi ya fara bugo mini, kuma ni na ce kada ya ba ka. Ka yi fushinka, amma ka karanta har ƙarshe.

Wane koci ka taɓa gani ya bar Areal da mutuncinsa? Ka manta yadda muke yi? A sha kashi sau uku a jere, sai kowa ya zaro farin hankici ya miƙe yana kaɗawa, fili ya yi fari fat, ranar Litinin a sallami mutum. Ka tuna tsohon nan Varela da muka tarar yana kuka a ɗakin canza kaya? Matarsa sai da ta daina zuwa kasuwar kifi. To shi baƙo ne, ya hau mota ya koma garinsu. Koci a wurinmu dole ya zama baƙo, don mu samu wanda za mu zaga da zuciya ɗaya. Kai wace mota za ka hau? Babanmu da ya rantse ba za ka zauna a teburinsa ba, yana riƙe da hannunka ya cika. Rabin yaran garin nan kai ka koya musu ɗaure takalmi.

Abílio ya ce mini, "Custódio, in na naɗa shi, wata rana ni zan kore shi. Gara in sha ruwan teku." Na ce ka yi gaskiya. Ka zauna inda babu mai taɓa ka, ka ci liyafarka, ka bar baƙi su sha zagi.

Ka sumbaci Yaya a madadina.
Custódio

Areal, Yuli 2002

Zuwa ga Senhor Custódio,

Bayan gaisuwa. Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka ce.

Ban ƙaryata cewa kuna sona ba. Amma kun ajiye ni ne kamar kwanon tangaran a kabad, wanda ba a cin abinci a ciki don kada ya fashe. Ka duba rukunin nan namu. Mu baƙaƙen fata mun cika fili, a kujerar koci babu ko ɗaya, kuma kowane gari da nasa dalilin mai daɗin ji. Naku ya fi na kowa daɗi, shi ya sa ya fi ciwo. Lokacin da nake wasa, in na yi kuskure har uwata kuke zagi, kai da kanka kake fara ɗaga murya daga raga. Ban taɓa jin ni ɗan garin nan ne kamar lokacin ba.

Na koma wurin Abílio. Na ce ko ya ba ni, ko in tafi ko da ƙauyen bayan dutse ne in horar da makiyaya. Ya ce, "Haba Infali, ka tausaya mini." Na ce ni ma abin da nake roƙo a daina yi mini ke nan. Ya sa hannu, shekara ɗaya. An fasa liyafa.

Ka gaida Lurdes.
Infali Seidi, koci

Areal, Fabrairu 2003

Custódio,

Ina gaishe ka, ko da yake ba ka cancanta ba. Kai da mijina kun daina rubuta wa juna kamar yara, to ni zan rubuta.

Abin ya fara da kyau, har Kirsimeti muna sama-sama. Daga nan mai cin ƙwallonmu ya karye, aka sayar da ɗan tsakiya, shi ma Infali yana da taurin kansa, ya nace wa wani tsari da yaran ba su iya ba. Rabonmu da nasara tun kafin sabuwar shekara. Yanzu mu ne na biyu daga ƙarshe.

Ka san abin da mutanenka suke yi? Tafi. A ci mu uku da nema a gida, su miƙe su tafa masa a hankali kamar an fito da gawa daga coci. Babu mai zagi, ko tsaki babu. Mata suna aiko mini da miyar kabeji kamar muna da majinyaci. Jiya a kasuwa Zeferino mai kifi, wanda bakinsa bai taɓa barin koci ya sha ruwa ba, ya ce mini, "Dona Graciete, ki ce masa kada ya damu, ƙwallo ce kawai." Zeferino fa, wai ƙwallo ce kawai.

Infali ya rame, wandonsa har zamewa yake. Na ce, "To ka ajiye aikin mana." Ya ce, "Koci ba ya gudu, korarsa ake yi." Na je wurin Abílio, ya ce shi ba zai iya ba sai in mutane sun nuna, mutane kuma kowa ya bar hankicinsa a gida. Ga kulob yana nutsewa, in ya faɗa kuma sunan mijina ne zai bi shi har abada, kuma ko a ranar tafa masa za su yi. Ina jin tsoro, Custódio, ina kuma jin haushinku duka.

Kai ne mai baki, kai suke ji. Ka hau jirgi ka zo wasan Lahadi ta sama, ka tsaya inda kowa zai gan ka, ka yi masa abin da ake yi wa koci. Ban gaya masa na rubuto ba.

Yayarka, Graciete

Areal, Maris 2003

Ƙanena Custódio,

Ina gaishe ka da iyali. Graciete ta nuna mini amsarka, inda ka ce gara a yanke maka hannu. Na gode, ban kuma gode ba.

An ci mu biyu ranar Lahadi. Da aka tashi suka fara tafin nan nasu, sai na ɗaga kai na ga hankici guda ɗaya a sama. Yayarka ce, a tsaye, fuskarta duk hawaye, tana kaɗawa kamar mai korar ƙuda daga kan kifi. Can Zeferino ya miƙe, bai zo da hankici ba, farar hularsa ya cire. Sai sauran suka bi, kowa da farin abin da ya samu. Wani daga baya ya ƙwala mini zagin da rabona da jin irinsa tun ina sa rigar wasa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi ciwo fiye da gwiwa. Kwana biyu ban iya kallon Graciete ba. Ranar Litinin Abílio ya sallame ni, ni na riƙa ba shi haƙuri.

Jiya Zeferino ya tare ni a kasuwa, ya ce jaki ma ya san ba a tsaron baya da mutum uku in babu masu gudu. Muka yi ta musu har kifinsa ya fara wari. Tun da na fara horarwa, shi ne mutum na farko a garin nan da ya yi gardamar ƙwallo da ni.

Wani ƙaramin kulob daga can cikin duwatsu ya bugo waya, ranar Alhamis zan je mu gana. Ban san ko za a dace ba. In an tambaye ka labarina a can Luxembourg, kada ka yi kwana-kwana, ka ce mijin yayarka koci ne, an kore shi.

Ka huta lafiya.
Naka, Infali