Taurarin Kudu da Iyakar Burtali

Ni Sallau ɗan Intalla, mutumin Dakoro, na rubuta wannan da hankalina cikakke, ko da yake wani a gidan nan ya fara gaya wa baƙi wai na ruɗe. Ina jin sa. Ƙafafuna ne suka mutu, kunnena lafiya lau.

Na ɗaya. Gonar hanyar Korahane taku ce, ku 'ya'yana, Hamma, Abdulganiyu da Sa'adiyya. A raba ta yadda shari'a ta ce, ban da rijiya.

Na biyu. Iyakarmu da burtalin shanun Samba, ni da ubansa muka yanke ta bayan faɗan da aka zubar da jini. Shaidunmu biyu ne, aduwar da ke kudu da rijiya, da wasu 'yan taurari da ke cure wuri ɗaya a bisanta. Bara aka sare aduwar, har kututturen aka tone. Hamma ya ce masu itace ne. Ban taɓa ganin mai itacen da ke cike rami ya share wurin ba. Da aka kai ni a amalanke, na ga hatsinmu ya shiga burtali da taki ashirin.

Na uku. A tsakiyar bazara, bayan isha'i, ku tsaya bakin rijiya ku fuskanci kudu. Taurarin nan ba su hawa da nisa. Kaɗan suke ɗagowa bisa ƙasa, su tsaya, su fara sauka. Daga rijiya zuwa inda suka tsaya, iyakar ke nan. Mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya ce mini wai waɗannan yara ne a cikin taurari. Ban cika yarda da shi ba, amma ko yaran ne, tun ina kiwo ban ga sun sake wuri ba. Ku kira Samba ya gani da idonsa. Sa'adiyya ta riƙe igiyar awo, ita kaɗai ce ban ga tana ƙus-ƙus da masu sayen ƙasa ba.

Na huɗu. Hamma, ɗana na fari, zargin nan ya hana ni cin tuwon gidanka wata shida, kuma yana yi mini ciwo. In ka ci burtali, ka mayar kafin shanu su haura arewa da ruwan farko. Wancan karon ƙanena aka ɗauko a makara. In kuwa taurari sun wanke ka, ka zo kabarina ka yafe mini, don da zarginka zan tafi.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku ukun nan, ku ci gaba da shan rijiya ɗaya.