Ba Man Kaka Ne Ya Ɓata Mini Wuya Ba

Zuwa ga Gwaggo Kalolaine,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa sanyin birnin Oklan bai tayar miki da ciwon gwiwa ba. Mu nan tsibirin Vava'u kowa ƙalau, sai ni da ke ɗauke da maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ƙurajen da suka feso mini a wuya da ƙirji ba man Kaka ne ya jawo su ba.

Kin san man kwakwar da take dafawa da furanni. Da fatata ta yi jawur ta soma ruwa, Mama ta ce shi ne, magana ta zaga gari, matan coci suka daina zuwa karɓa. Kaka ba ta musa ba, ta ce wataƙila hannunta ne ya tsufa, ta tura kwalabenta ƙarƙashin gado. Mako uku ke nan ina kallonta, bakina gum.

Maikolo ne, ɗan mai gyaran kwalekwale, ya kitsa mini sarƙar fure. Namiji, ina ya san furen kitsawa? Sai ya tsinko rawayan nan mai yaɗo a bakin hanya, wanda ko alade ba ya kallo. Na rataya sarƙar, na ɓoye ta cikin riga ranar Lahadi, tun safe har yamma, ina gumi ina jin kaina kamar 'yan matan littattafan da kike aiko mini. Su dai ban taɓa karanta inda suka yi susa ba! Malamar asibiti ta tambaye ni ko wata ciyawa ta taɓa ni, ta ce akwai masu ruwan da fatar wasu ba ta ɗauka. Na ce a'a, saboda yayana Sefita na tsaye a ƙofa, kuma ba a wannan zance gaban ɗan'uwa namiji.

Ban yi nadama ba, Gwaggo. Ko gobe ya kawo wata zan karɓa, ya dai canja fure. Baba zai yi faɗa, to ya yi ta yi. Ke ce yayarsa, ba ya tsallake maganarki, ki sa baki kada ya je gidansu Maikolo.

Ki gaida Baba Taniela da Pelenaise da jaririnta.

Dā na yi niyyar cusa takardar nan ƙasan kwalin rogon da za a tafi miki da shi gobe. Na fasa. Ga Mama can tana ɗaure shi, zan miƙa mata a buɗe ta karanta, sannan in je in jawo kwalaben Kaka.

'Yarki,
Lesieli