Na Taya Inji Don Tsokanar Taubashina, Ya Faɗo a Kaina

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle.

Ni manomi ne, ina kuma fiton mutane da kaya daga Yelwa zuwa ƙauyukan tsallake. Muna da wani zaure a WhatsApp inda ake gwanjon kayan ruwa, su taru, kwale-kwale da inji. Ƙa'idar ita ce, in lokaci ya cika mai kaya ya sallama wa wanda tayinsa ya fi, magana ta ƙare. Wanda ya janye, a sa hotonsa a zauren a kore shi.

Kwanakin baya wani Ishaya, mutumin Shanga, ya sa injin jirginsa. Sai na ga taubashina Ya'u ya taya. Ni da Ya'u tun muna yara in ya ce fari sai na ce baƙi. Na ƙara a kan tayinsa, har na tura murya ina cewa inji ba na ƙananan yara ba ne. Ya ƙara, na ƙara, mutane suna ta zuga mu. Niyyata in ja shi ya saya da tsada, in samu abin yi masa tsiya. Ashe ya gano ni. Ya daina ƙarawa, lokaci ya cika, Ishaya ya sallama mini.

Ban damu sosai ba a lokacin, don nawa injin ma ya tsufa. Na ce in na yanke shinkafata ta Ngaski zan biya. Sai ruwa ya taso ya shanye gonar, ko buhu ɗaya ban ɗauka ba.

Yanzu kullum Ishaya yana kirana. Ashe aikin asibiti za a yi wa matarsa, shi ya sa ya fito da injin. Na daina ɗagawa don kunya. Inna ta tambaye ni abin da ya hana ni cin abinci, na ce zazzaɓi ne. 'Yan kasuwar da ke ba ni amanar kayansu duk suna cikin zauren nan, in aka sa hotona wa zai sake ɗora mini ko kwandon kifi? Wallahi na gaji. Har na yi tunanin canza layi.

Daga wani mai fito, Yelwa.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alherin gonarka. Ruwa ba kai ka kira shi ba, ba kuma wanda zai zarge ka a kansa. Amma tayin naka ne, kuma ka ga dalilin da ya sa ake cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Batun canza layi ka ajiye shi. Mai fito da kowa ya san jirginsa, ina zai ɓuya? Ka kuma tuna, kai kunya kake ji, shi Ishaya mara lafiya gare shi a kwance, kuma shirunka ya ɗaure masa kaya ya hana shi neman wani mai saye.

Ka ɗauki shugaban zauren ku je Shanga da ƙafarku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka faɗa wa Ishaya gaskiya, ka roƙe shi ya warware cinikin. Addini ya yaba wa mai yin haka, amma alfarma ce, ba dole ba.

Kafin nan ka biya ta wurin Ya'u. Shi da gaske yake son injin. Ka roƙe shi ya karɓa a kan tayinsa na ƙarshe, kai ka cika abin da tsokanarka ta ƙara, ko da za ka sayar da akuya, don kada Ishaya ya yi asara. Sannan ka yi bayani a zauren da bakinka, kafin wani ya yi maka.

Ya'u zai yi maka tsiyar wannan inji har ku yi furfura. Ka haƙura ka sha, ta fi sauƙi a kan 'yan kasuwa su ga jirginka su wuce. Allah ya ba matar Ishaya lafiya, kai kuma ya rufa maka asiri.